Yadda Ake Zaga Shaguna da Zaurukan Zane-zane na Birnin Faris Daga Azahar Zuwa Dare

Tambayar da na fi samu daga mutanenmu da taro ko kwas ko ziyarar ɗan'uwa ke kaiwa Faris ita ce: an bar mini yammaci guda babu aiki, ina zan nufa, kuma me zan iya kammalawa kafin dare? Galibi mai tambayar yakan zo da jerin wurare goma sha wani abu, wannan a gabas wancan a yamma, ya ƙare da kashe yininsa a cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya isa ƙofar wurin da ya fi ɗoki a daidai lokacin da ake saukar da ƙarfen shago. Tsarin da zan bayar a nan ya ginu ne a kan lokacin rufewa: wurin da yake fara rufewa shi za a fara zuwa, wanda yake kaiwa dare a bar shi ƙarshe, sayayya mai nauyi kuma sai an kusa komawa masauki.

Akwai kalma ɗaya da ya kamata a warware tun yanzu, domin tana rikita baƙo. A Faris “galerie” tana nufin abu uku: zauren da ake baje zane-zane da sassaƙa da hotuna don sayarwa, da dogon lungu mai rufin gilashi wanda shaguna suka jeru a gefensa biyu, da kuma babban kantin nan mai suna Galeries Lafayette. Wannan tafiya za ta ratsa dukkan ukun. Sunayen tituna da tashoshi na bar su yadda ake rubuta su da Faransanci, saboda haka za ka gan su a allo.

1. Zaɓen rana

Ka zaɓi rana tsakanin Talata da Asabar. Yawancin zaurukan zane a rufe suke ranakun Lahadi da Litinin, kuma da yawansu sukan rufe baki ɗaya a watan Agusta, lokacin da mutanen gari ke tafiya hutu. A ganina Alhamis ta fi dacewa, domin babu cunkoson Asabar, kuma a yammacinta ne ake yawan buɗe sabon baje koli. Idan Juma'a kaɗai gare ka, ka sani masallaci yakan cika maƙil, don haka sai ka yi sammako.

Lokacin shekara ma yana sauya lissafi ƙwarai. A ƙarshen Disamba azahar tana shiga kafin ƙarfe 1, la'asar wajen 2:30, rana kuma ta faɗi dab da ƙarfe 5. A ƙarshen Yuni kuwa azahar tana kaiwa kusan ƙarfe 2, rana ba ta faɗuwa sai dab da 10 na dare. Ka duba jadawalin sallar ranar kafin ka fito. Matafiya da yawa suna yin ƙasaru da haɗa azahar da la'asar a masallaci, su bar magariba da isha sai sun koma masauki. Wannan magana ce da za ka daddale da malaminka tun kana gida, ba a tsakiyar titi ba. Mai son ragin farashi ya lura cewa ana yin babban rangwame na ƙasa baki ɗaya, wanda suke kira “soldes”, sau biyu a shekara: daga Janairu, da kuma daga ƙarshen Yuni, kowanne na tsawon makonni huɗu.

2. Abin da za ka riƙe

Ka sa takalmin da ka saba tafiya da shi, ba sabon da ka tanada don taro ba, saboda za ka yi tafiyar ƙafa ta kilomita biyar ko shida, wani wurin a kan dutsen daɓe. Ka ɗauki ƙaramar jaka mai zif wadda ake ratayawa ta gaba, da gorar ruwa, da abin cajin waya na tafi-da-gidanka, da ƙaramar lema idan ba bazara ba ce. Ka sauke taswirar birnin a waya tun kana da intanet ɗin otal. Babbar jakar goyo matsala ce: masu gadi za su buɗe ta a ƙofar manyan kantuna, a zauren zane kuma tana iya buge wani abu mai tsada idan ka juya.

Fasfo ɗinka na ainihi kake buƙata idan kana da niyyar sayayyar da ta haura Yuro 100, saboda takardar mayar da haraji. Ka sa shi a aljihun ciki. Game da kuɗi, ka tabbatar da bankinka cewa katinka zai yi aiki a waje, da kuma iyakar abin da zai bari ka kashe. Katunan naira sun sha kunyata mutane a gaban mai kanti. Ka riƙe tsabar kuɗi ƙanana, 'yan 5 da 10 da 20. Ƙaramin shago ba ya son takardar Yuro 200, ta 500 kuwa da wuya ka sami mai karɓa. Ga mai zuwa daga Nijar ko Kamaru ko Chadi lissafin yana da sauƙi, domin Yuro 1 daidai yake da sefa 655.957, wato Yuro 100 ya ɗan haura jaka 65.

Gargaɗi ga mata: hijabi da abaya ba su da matsala a titi da shaguna da zaurukan zane, amma dokar Faransa ta 2010 ta haramta rufe fuska a bainar jama'a, kuma tarar tana iya kaiwa Yuro 150. Mai sa niƙabi ta san wannan tun kafin ta bar masauki.

3. Katin jirgi da fara tafiya daga masallaci

A tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda kowa ke kira metiro, ka sayi katin Navigo Easy a kan Yuro 2, ka loda masa shiga uku. A 2025 kowace shiga Yuro 2.50 ce, kuma sukan ɗan ƙara farashin a farkon shekara. Kati ɗaya na mutum ɗaya ne. Idan kuna tafe da uwargida, kowa da nasa. Kada ka sayi tikiti a hannun wanda ya tare ka a bakin na'ura yana cewa zai taimake ka, kuma kada ka bi bayan wani ka kutsa ƙofa ba tare da ka taɓa katinka ba, domin masu bincike suna tsayawa a lungunan tasha, kuma ba sa sauraron cewa kai baƙo ne.

Ka sauka a tashar Place Monge da ke kan layi na 7, ka taka zuwa Babban Masallacin Faris, wanda aka buɗe a 1926. Ƙofar masu sallah tana place du Puits-de-l'Ermite. Ka yi sallah, ka yi amfani da bayan gida, ka cika gorarka. Idan ba ka ci abinci ba, a nan ya kamata ka ci, ko a gidan shayi da abinci da ke jikin masallacin ta rue Geoffroy-Saint-Hilaire, ko a ɗaya daga wuraren halal na unguwar. Dalili shi ne gidajen abinci da yawa a Faris suna daina dafa abincin rana wajen 2:30, ba sa sake buɗewa sai 7 na yamma, sai dai waɗanda suka rubuta “service continu” a ƙofa.

Ka koma Place Monge, ka hau layi na 7 mai zuwa La Courneuve, ka sauka a tasha ta biyu, Sully-Morland. A metiro ba a neman gabas ko yamma, sunan tashar ƙarshe ake dubawa.

4. Gaisuwa kafin komai

Wannan mataki ba wuri ba ne, amma rashinsa yana ɓata sauran. Duk shagon da ka shiga, ƙarami ko babba, da duk zauren zane, ka dubi mai wurin ka ce “Bonjour, Madame” ko “Bonjour, Monsieur”, ana furta su kamar bonjur madam, bonjur masiyo. Daga wajen ƙarfe 6 na yamma sai “Bonsoir”. In za ka fita ka ce “Merci, au revoir”, ko ba ka sayi komai ba. Faransawa suna ɗaukar shago kamar zauren gidan mutum, kuma mu da ba ma shiga gida sai da sallama bai kamata wannan ya ba mu wahala ba. Duk da haka na taɓa faɗawa: a wani ƙaramin shagon takardu na shiga kai tsaye na ɗaga wani littafin rubutu na tambayi farashinsa da Turanci. Dattijuwar da ke wurin ta sauke tabarau, ta dube ni, ta ce “Bonjour, Monsieur”, ta yi shiru tana jira. Sai da na mayar da gaisuwar sannan ta faɗi kuɗin, kuma da Turanci mai kyau.

Jimloli huɗu sun ishe ka. “Je regarde seulement” na nufin dubawa kawai nake yi. “C'est combien ?” na nufin nawa ne. “Je peux essayer ?” na nufin zan iya gwadawa. “Parlez-vous anglais ?” tambaya ce ko yana jin Turanci, kuma bayan gaisuwa ake yin ta. Wanda ya taso a Maraɗi ko Damagaram ko Garwa ba ya buƙatar wannan darasi, sai dai ya sani mutanen Faris suna magana da sauri, ba laifi ba ne ya roƙi a maimaita.

5. Zaurukan zane na unguwar Marais, daga 2:30 zuwa 4:30

Daga Sully-Morland ka bi rue du Petit-Musc har ka fito rue Saint-Antoine, ka tsallaka, ka nemi rue de Birague, wadda za ta shigar da kai dandalin Place des Vosges ta ƙarƙashin baka. Akwai zaurukan zane a barandar da ta kewaye dandalin, amma yawancinsu masu yawon buɗe ido suke hari. Ka leƙa ta gilashi, kada ka ba su fiye da minti 15. Ka fita ta kusurwar arewa maso yamma, ka kama rue de Turenne ka yi arewa. Almine Rech yana lamba 64, Perrotin yana lamba 76, sannan gaba kaɗan ta hagu akwai rue Debelleyme, inda Karsten Greve yake a lamba 5, Thaddaeus Ropac kuma a lamba 7. Waɗannan manyan dillalan zane ne na duniya, kuma yawancin irinsu suna rufewa tsakanin 6 da 7, abin da ya sa muka fara da su.

Abu na farko da ke hana mutanenmu shiga shi ne zaton cewa sai an biya, ko sai mai niyyar saye. Shiga kyauta ce, kuma babu wanda zai tambaye ka dalilin zuwanka. Abu na biyu shi ne ƙofar kanta. Da yawansu suna cikin tsakar gida, a bayan babbar ƙofar katako wadda daga waje take kama da gidan wani attajiri, sunan zauren kuma a kan ɗan ƙaramin allo yake. Ka duba gefen ƙofar za ka ga maɓalli. Ka danna, ka ji ƙara, ka tura. A karon farko na tsaya a bakin irin wannan ƙofa kusan minti biyar ina jiran mai gadi ya zo, sai ga wata yarinya da keke ta danna ta wuce abinta.

Da ka shiga ka gaida wanda ke zaune a tebur, ka ɗauki takardar bayani da aka ajiye a gabansa, wadda galibi take da Faransanci da Turanci. A jikinta akwai sunan mai zanen da sunayen ayyukan da abin da aka yi su da shi. Ka zaga sau ɗaya da sauri, sannan ka koma wurin aiki ɗaya ko biyu da suka tsaya maka a rai, ka ba su lokaci. Minti 20 ya isa zaure ɗaya. Zaure huɗu da aka duba da natsuwa sun fi goma da aka ratsa a guje, domin daga na biyar ido yake gajiya, komai ya zama farin bango.

Kada ka taɓa komai, ko da abin ya yi kama da kujera ko tulin yadi a ƙasa, domin mai yiwuwa shi ne aikin. Ka riƙe hannun yaro idan da shi kake tafe. Ɗaukar hoto galibi ana bari, ba tare da walƙiya ba, amma ka tambaya: “Je peux prendre une photo ?” Haka kuma wasu baje kolin suna ɗauke da hotunan tsiraici, don haka idan kana tare da iyali ko wani babba da kake jin nauyinsa, ka dubi hoton tallar da ke ƙofa ko ka fara leƙawa kai kaɗai. Idan ka tarar ana bikin buɗe sabon baje koli, wanda suke kira “vernissage”, yawanci kowa na iya shiga, sai dai abin da ake zagayawa da shi a kofuna giya ce. Ka nemi ruwa ko lemo.

Ba a manna farashi a bango. Idan kana son sani ka nemi “la liste des prix”, ba abin kunya ba ne, kuma ba ya wajabta maka saye. Ɗan jan ɗigo a gefen aiki na nufin an riga an sayar. A waɗannan manyan zaurukan farashi yakan fara ne daga dubban Yuro, amma da yawa suna da ɗan sashen littattafai inda ake samun kundin baje kolin ko bugaggen hoto a kan kuɗin da mutum zai iya. Wanda ya yi niyyar sayen aiki na gaske ya nemi rasit mai cikakken bayani da takardar shaidar asali, “certificat d'authenticité”, ya kuma tambayi kuɗin naɗewa da aikawa kafin ya amince, domin wani lokaci kuɗin kai babban zane gida yana kusan kamo kuɗin zanen. A nan, saɓanin shago, ana iya neman ragi cikin ladabi, amma ragi ne kaɗan, ba tayin rabin kuɗi irin na Kantin Kwari ba.

Mai son ganin aikin 'yan Afirka ya ƙara tafiyar kamar minti 10 zuwa zauren Magnin-A da ke lamba 118 a boulevard Richard-Lenoir, wanda ya shahara da ayyukan Chéri Samba na Kwango, da masu ɗaukar hoto na Mali Malick Sidibé da Seydou Keïta, da J.D. 'Okhai Ojeikere na Najeriya mai hotunan kitso. Idan za ka je can, ka rage zaure biyu daga na baya, kuma ka duba lokacin buɗewarsu a ranar.

6. Ƙananan shaguna da ɗan hutu

Ka gangaro kudu ta rue Vieille-du-Temple, wadda take cike da shagunan tufafi da turare da kayan ado, ka ratsa rue des Francs-Bourgeois. A nan ba a tayi. Abin da aka rubuta shi ne farashi, kuma haraji yana ciki. Ka duba, ka gwada, ka rubuta farashi a waya, amma ka sayi abin da ba shi da nauyi kawai, wanda ka san ba za ka same shi a babban kanti ba. Lambar takalmi irin wadda muka saba da ita ce, 42 ko 43, amma lambar riga daban take, don haka ka gwada kafin ka biya. Mayar da kaya a karɓi kuɗi ba dole ba ne a kan mai shago idan kayan ba su da aibi. Wasu takarda kawai suke bayarwa ta sayen wani kaya a shagonsu daga baya, wadda ba ta da amfani ga wanda zai hau jirgi jibi.

Idan ƙafa ta gaji ka zauna a gidan shan kofi na minti 20. In ka ce “un café” ɗan mitsitsin kofi mai ɗaci za a kawo. Mai madara shi ne “café crème”, shayi kuma “thé”. Tsayuwa a kanta ta fi zama a tebur araha. Ruwan famfo kyauta ne idan ka ce “une carafe d'eau”, in ba haka ba za a buɗe maka na kwalba a sa a lissafi. Kuɗin hidima yana cikin farashi, don haka tukuici ganin dama ne. Wannan ne kuma lokacin shiga bayan gida. A kan abinci ka kiyayi kalmomin porc, jambon, lardons da charcuterie, dukkansu naman alade ne ko ana yawan yin su da shi. A kayan zaƙi ka kiyayi rhum da liqueur. Kek ɗin da ake kira “baba au rhum” jiƙe yake da giya, cakulan ma wasu da ita ake cika su.

7. Lungunan gilashi, daga 5 zuwa 6:45

Ka bi rue des Rosiers ka fito tashar Saint-Paul, ka hau layi na 1 mai zuwa La Défense, ka sauka a tasha ta huɗu, Palais Royal–Musée du Louvre. Wannan layi na masu yawon buɗe ido ne, saboda haka 'yan sane ma nan suke kiwo: jakarka ta dawo gaba, waya kuma kada ta kasance a hannu a bakin ƙofa lokacin da take shirin rufewa. Da ka fito kada gidan tarihi na Louvre ya ja ka, shi kaɗai yini guda yake ci. A wannan yanki za ka iya haɗuwa da 'yan mata masu riƙe da takarda suna neman ka sa hannu don taimakon nakasassu, ko wani da zai sunkuya ya ce ya tsinci zoben gwal a gabanka. Duka damfara ce. Ka ce “Non, merci” kana tafiya, kada ka tsaya.

Ka shiga harabar Palais-Royal, ka wuce ginshiƙan nan masu zanen baƙi da fari, ka ratsa lambun har ƙarshensa na arewa, ka fito rue des Petits-Champs. A lamba 4 za ka ga ƙofar Galerie Vivienne, wadda aka gina a 1823. Ita ce ta fi sauran kyau, kuma ka dubi ƙasa, domin daɓen ƙananan duwatsu masu launi shi ne adonta. Akwai tsohon shagon littattafai na Jousseaume a kwanar lungun, inda ake samun tsofaffin katunan gaisuwa da hotuna a kan kuɗi kaɗan, tsaraba mai sauƙin ɗauka.

Ka fita ta rue Vivienne ka yi arewa, ka wuce tsohon ginin kasuwar hannun jari, ka shiga Passage des Panoramas ta rue Saint-Marc. Shi ya girmi sauran, ya fi su ƙunci da hayaniya, kuma an san shi da masu sayar da tsofaffin kan sarki da kuɗaɗe. Idan ka tambayi na Nijar ko Najeriya ko Kamaru, mai shago zai iya jawo maka akwati ka zauna kana tonawa, kuma a nan ne minti 10 ke zama 40 ba ka sani ba. Ka fito boulevard Montmartre, ka tsallaka, ƙofar Passage Jouffroy tana kallonka. A cikinsa akwai shagunan kayan wasan yara da littattafai da ƙofar wani ƙaramin otal mai suna Chopin. Daga ƙarshensa ka tsallaka ɗan titi ka shiga Passage Verdeau, na dillalan tsofaffin kaya da zane-zanen bugu. Waɗannan ƙananan shaguna sukan fara rufewa wajen ƙarfe 7, wasu kafin haka.

A wurin masu tsofaffin kaya ana iya tayi kaɗan, kamar neman a sauke kashi 10 cikin 100. Kada ka sayi abin da aka yi da hauren giwa ko ƙoƙon kunkuru, komai tsufansa da arharsa, domin fitar da shi yana buƙatar takardu na musamman, kuma kwastan na iya ƙwace shi. Gidan gwanjo na Drouot yana kusa, a lamba 9 rue Drouot, kuma ana shiga kallo kyauta. Idan ka leƙa ana cikin gwanjo, ka riƙe hannunka a ƙasa, kuma ka sani ana ɗora wa mai saye ƙarin kaso mai tsoka a kan farashin da aka buga guduma.

8. Babban kanti da takardar haraji

Ka dawo boulevard Montmartre ka yi yamma, titin zai zama boulevard Haussmann, cikin minti 10 kana Galeries Lafayette. Daga Litinin zuwa Asabar yana kaiwa 8:30 na dare. Ka fara hawa saman rufin, domin kyauta ne, ana hango gidan opera da hasumiyar Eiffel, kuma sukan rufe shi kafin kantin ko idan yanayi ya ɓaci. In kana saukowa ka tsaya ka dubi kubbar gilashi ta 1912. Kayan maza suna gini na gefe, kayan gida da na abinci kuma a tsallaken titi.

Yanzu ne lokacin turare da jaka da takalmi da tsarabar mutanen gida, kuma akwai dalilin tara su a kanti ɗaya. Wanda ke zaune a wajen Tarayyar Turai, ya kai shekara 16, kuma zamansa a Faransa bai kai wata shida ba, yana da damar a mayar masa da wani ɓangare na harajin kaya idan sayayyarsa a kanti ɗaya ta haura Yuro 100. Harajin yawancin kaya kashi 20 ne, abin da ke dawowa hannunka bayan kamfanin da ke tsakani ya cire nasa yakan kai kashi 12 ko kusa da haka. Na littattafai kashi 5.5 ne kawai, bai cancanci layi ba. Ka tara rasit ɗinka, ka je sashen “détaxe” da fasfo, aƙalla minti 40 kafin a rufe, domin layin yamma dogo ne. Za a ba ka takarda mai lambar da na'ura ke karantawa. Ba kowane ƙaramin shago ke yin wannan ba, don haka a can ka tambaya kafin ka biya.

Idan na'urar biyan kuɗi ta tambaye ka ko a cire da Yuro ko da wani kuɗi, ka zaɓi Yuro, domin canjin da na'urar ke bayarwa ya fi tsada. Masu shimfiɗa jakunkuna da tabarau masu manyan sunaye a bakin titi kuwa jabu suke sayarwa, kuma a Faransa riƙe jabun kaya laifi ne har a kan mai saye.

Ban da sayayya, yammacin nan zai ci maka kimanin Yuro 10 na jirgi, da wajen 10 zuwa 20 na kofi da ɗan abin taɓawa. Tashar Chaussée d'Antin–La Fayette tana bakin kantin, a kan layi na 7 da na 9. Idan masaukinka nesa yake, ka loda shiga ta huɗu tun da rana don kada ka tsaya a gaban na'ura da kaya niƙi-niƙi.

9. Ranar tashi

Takardar haraji ba ta zama kuɗi sai an tantance ta a filin jirgi, kuma dole kayan su bar Tarayyar Turai kafin ƙarshen wata na uku bayan watan da aka saye su. Ka isa da wuri, ka nemi na'urorin kwastan masu suna PABLO tun kafin ka miƙa akwatunanka, ka nuna wa na'urar lambar da ke jikin takardar. Idan allon ya nuna kore, an gama. Idan ya nuna ja, sai ka je tagar jami'in kwastan da ke kusa, shi kuma yana iya cewa ka nuna masa kayan, da fasfo da tikitin jirgi. Kuskuren da ya taɓa cinye mini kuɗin turare uku ke nan: na riga na auna akwati ya wuce, allo ya yi ja, jami'in ya ce ina kayan, ni kuwa babu abin nunawa sai rasit. Ka sa kayan a saman akwati inda hannu zai kai, ka bar su a kwalinsu ba a buɗe ba, kuma idan turare ne da ya haura mililita 100, ka mayar da shi cikin akwatin awo bayan an tantance, domin ba zai wuce wurin bincike a jakar hannu ba.